Tallan da ya fi na rediyo ƙarfi

Masu saurarenmu na Kance, Matamaye da kewaye.

Mu da ke zama gaban makirofo mun san yadda ake haɗa talla. Ɗan kasuwa ya kawo takarda, mu gyara murya, mu sa kiɗa ƙasa-ƙasa: atamfa ta iso daga Kano, ga gado sabon yayi, ga firiji, ga portabul. Da kuɗin nan muke biyan kuran, ba za mu ɓoye muku ba.

Kwanan baya wata uwa ta kira mu bayan an gama shiri. Ta ce sau biyu ana ɗaga auren ɗiyarta don kayan ɗaki ba su cika ba. "Ɗana, duk lokacin da kuka ambaci gadon nan, sai yarinyar ta ɗago kai ta dube ni." Wallahi mun rasa abin ce mata.

Kuma tallanmu ƙarami ne. Babban talla yana cikin unguwa: hoton ɗakin amarya da ke yawo a WhatsApp, da kayan da wance ta sauke bayan ta dawo daga Aljeriya. Katifa, kuloli, labule. Maƙwabta su shigo barka da zuwa, su fita da lissafi a zuci.

Ba mu manta watan Oktoba na 2013 ba, lokacin da aka tsinci gawa 92 cikin hamada arewa da Arlit, mafi yawansu mata da yara, da dama ƴan yankin nan namu. Allah Ya jiƙan su. Ba mu ce kwaɗayi ya fitar da su ba. Gonaki sun yi mana kaɗan, damina ba tabbas. Amma gasa tana ƙara wa mai kaya nauyi, har tafiyar da ake yi don hatsi ta koma ta fita kunyar biki.

Dubi abin da muke asara. Da, in za a yi biki, wannan ta ara tabarma, waccan ta kawo tukunya, a haɗu a rufa wa juna asiri. Yanzu sai a fitar da anko, wadda ba ta da jikka goma ta ce ba ta da lafiya, ta zauna gida. Ƙawa ta rasa ƙawa saboda zane. Ɗakunan amare kuma duk sun zama iri ɗaya, an ci bashi an yi kama da kowa.

Talla za mu ci gaba da karantawa, sana'a ce. Sai dai mun yi shawara tsakaninmu: kalmar nan ta "kar a bar ki a baya" ta fita daga bakinmu. Za mu faɗi kaya da farashinsu, shi ke nan.

Ku kuma iyayenmu mata, in za a fitar da anko, a fara tuna wadda ba za ta iya saye ba. Allah Ya rufa mana asiri baki ɗaya.