Gudu Na Inji Ne, Rai Na Birki

Mai karatu, tun ina yaro finafinan Indiya suka sa mani son mota mai gudu. Da Allah ya hore mani Golf 3 GTI, sai na zuba kuɗi a inji, na manta da birki.

Rannan na ɗauko Inna daga Rabah, muka ziyarci hubbaren Sarkin Musulmi Muhammadu Bello a Wurno, muka miƙe Goronyo wajen biki. Kwatsam sai ga shanu a titi! Na taka birki, ƙafata ta lume har ƙasa. Da ƙyar na kauce cikin gonar gero, Inna na ta salati.

Bakanike ya kwance tayoyi, ya ce, "Alhaji, mi kaka jira? Takalman birki sun cinye, faifan ya tsage, kalifa ta cije. Man birkin ma ya tsufa ya sha ruwa, da ya yi zafi sai ya tafasa."

Na sa faifai masu ramukan iska, sababbin kalifa da takalma, da mai DOT 4. Kuɗin sun ciji aljihuna, amma ai ba a sayen uwa a kasuwa.

Har yau Inna kan tambaya kafin ta shiga, "Yaro, birkin na nan?"