Yaron da ke kwance a bakin ruwa a Beljiyam

Ni ba mai yawon buɗe ido ba ne. Shekara goma sha ɗaya ina zuwa Beljiyam sayen motoci, amma abin da na sani a ƙasar bai wuce layin Heyvaert da ke Burasel ba, inda garejoji suke, sai tashar jiragen ruwa ta Antwerp inda ake loda mana kaya zuwa Kwatano. Daga nan sai masallaci, sai gidan abinci. A tafiyata ta hunturun bara ne dillali ya ce akwai motoci uku a wajen wani manomi can yammacin ƙasar, kusa da iyakar Faransa. Muka tafi da wani ɗan garinmu da ya daɗe zaune a can. Ciniki bai faɗa ba. Muna hanyar dawowa ya ce, "Alhaji, tunda mun riga mun ƙona mai, bari in nuna maka wani wuri da aka taɓa kai 'yata daga makaranta."

Garin, 'yan ƙasar suna rubuta shi Ieper, Faransawa kuma Ypres. Sojojin Ingila da suka kasa faɗin sunan sai suka riƙa ce masa Wipers, kamar waifar gilashin mota, abin da ya ba ni dariya da na ji. Dariyar ba ta daɗe ba. Daga arewacin garin kaɗan, a bakin wani magudanar ruwa da aka haƙa don jirage, muka tsaya a wata maƙabarta da ake kira Essex Farm. Kaburbura sama da dubu, duwatsun farare, tsayinsu ɗaya, a jere kamar an ja da igiya. Hafsa da ƙaramin soja dutse iri ɗaya aka ba su.

Ɗaya daga ciki ne ya bambanta, don an tara masa jajayen furanni na takarda da 'yan tsana irin na yara. Na sunkuya na karanta: V. J. Strudwick, na rundunar Rifle Brigade, 14 ga Janairu 1916. A ƙarshen layin aka sa shekarunsa, 15. Na sake dubawa, na ce ko dutsen ne ya goge. Abokina ya ce a'a, haka yake.

Sunansa Valentine Joe Strudwick, mutumin Dorking, wani ƙaramin gari a kudu da Landan. Ba ɗan sarauta ba ne, ba kuma wani jarumi da aka ba lambar yabo ba. Saura wata ɗaya ya cika shekara 16 aka kashe shi. A dokar Ingila ta lokacin, sai mutum ya kai 18 zai shiga soja, kuma sai ya kai 19 za a tura shi yaƙi ƙetare. To yaya aka yi ɗan 14 ya sa kaki? Ƙarya ya yi, ya ƙara wa kansa shekaru. Ba a neman takardar haihuwa a ofishin ɗaukar soja. In tsayinka ya kai, ƙirjinka ya kai, ka ce shekarunka 19, shi ke nan. Masana tarihi sun ƙiyasta cewa yara kusan 250,000 suka shiga sojan Birtaniya ta wannan hanya. Kuma sajan mai ɗauka yana da ladansa a kan kowane mutum da ya rubuta. Mu 'yan kasuwa mun san sunan wannan abu, la'ada ce.

Na tsaya ina kallon filin da ke kewaye. Ƙasa ce shimfiɗaɗɗiya, ba tudu ba dutse, ruwa kwance a cikin kunyoyin gonaki. Sanyi ya ratsa takalmina cikin minti goma, alhali ina da safa biyu. A irin wannan ƙasa aka haƙa ramukan yaƙi, tun daga bakin tekun Beljiyam har iyakar Suwizalan, Jamusawa a gefe ɗaya, Ingilishi da Faransawa a ɗayan, waya mai ƙaya a tsakani. A nan yankin da ka ɗan haƙa sai ruwa ya ɓullo, shi ya sa wasu wuraren sai dai a jera buhunan ƙasa a yi katanga. Soja zai kwana ya wuni ƙafarsa cikin taɓo har ta kumbura ta ruɓe, wani sai an yanke. Ga ƙwarƙwata, ga ɓeraye. Jamusawa sun kewaye Ieper ta ɓangare uku, don haka harsashin igwa na iya zuwa ta gaba ko ta gefe. A nan ne kuma suka saki iskar guba a ranar 22 ga Afrilu 1915.

Abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne, a Janairun 1916 ba wani babban gumurzu ake yi a Ieper ba. Ba a ci gari ba, ba a rasa gari ba. Zaman rami ne kawai, kullum ana rasa mutum biyu nan, biyar can, a rubuta a littafi. Cikin irin waɗannan ranaku na banza yaron ya tafi.

Ba a mayar da gawarsa gida ba. Hukumomin Birtaniya sun yanke cewa kowane soja a bar shi inda ya faɗi, mai kuɗi da talaka. Na duba taswira a waya, tsakanin Dorking da wannan kabari kamar Kano da Kaduna ne, sai dai da teku a tsakani. Iyali an ba su damar zaɓen 'yan kalmomi da za a sassaƙa a gindin dutsen. Na yi ta tunanin mahaifiyarsa tana zaune da takarda, tana ƙirga haruffa. Shi ma ya yi sa'a da aka san inda yake. A ƙofar Menin, cikin garin, akwai sunaye sama da 54,000 na waɗanda ba a san kabarinsu ba, kuma kowane dare da ƙarfe 8 ana tsayar da motoci a busa musu bigila, al'adar da aka fara tun 1928. Ba mu jira wannan ba, dare ya yi mana.

A mota abokina ya ga na yi shiru, ya ce, "Alhaji, lafiya? Ko sanyin ne?" Na ce sanyin ne. Ba sanyin ba ne.

Shekara tara da suka wuce, ɗan 'yar'uwata ya biyo ni Kwatano. Shekarunsa 16, amma dogo ne, da faɗin kafaɗa, kuma ya iya tuƙi fiye da wasu masu gemu. Kullum sai ya ce, "Kawu, ka ba ni mota in kai Maraɗi, wallahi zan iya." A lokacin direbobi sun yi wuya, kuma kowannensu sai ya tsuga kuɗi. Na san wanda zai yi takarda, aka yi, shekarun suka koma 21. Ban tilasta shi ba. Shi ya roƙa, har da rantsuwa, kuma da wannan na riƙa kare kaina tsawon shekaru. Tafiya huɗu ya yi lafiya. A ta biyar, da asuba, tsakanin Parakou da Kandi, barci ya ɗauke shi. Mutanen wani ƙauye suka yi masa sutura kafin in iso, Allah ya saka musu da alheri. Allah ya jiƙansa.

Kowa ya ce mini ƙaddara ce, kwanansa ne ya ƙare. Na yarda, ban taɓa ja da wannan ba. Uwarsa ma da bakinta ta ce, "Yaya, ban riƙe ka da komai ba." Amma a gaban dutsen nan na Essex Farm ban ga kaina a jikin yaron ba, ban ga kaina a jikin uwar ba. Sajan ɗin na gani. Babban mutum ne ya dubi fuskar ɗan shekara 14, fuskar da ko gashin baki babu, ya ji ya ce 19, ya sunkuyar da kai ya rubuta. Ba na jin ya ruɗu. Duk wanda ya haifa ko ya yi reno ya san yaro in ya gan shi. Yana buƙatar mutum ne, ga mutum ya kawo kansa, kamar yadda na buƙaci direba.

Ingilishi sun iya kula da matattunsu, wannan ba a ƙwace musu ba. Ciyawa a aske, dutse a wanke, motocin 'yan makaranta suna ta zuwa. Amma ina ganin 'yan tsanan nan da ake ajiye masa, manya ne ke rarrashin kansu da su. Da yana raye, bindiga aka miƙa masa.

Da na dawo Kwatano na tarar da yara biyu daga gida suna jirana a fakin, ɗaya ɗan abokina ne na ƙuruciya. Na tambayi shekarunsu, suka dubi juna, babban ya ce ashirin. Na ce, "Kai, ni na yanka ragon sunanka." Na bar su a wanke motoci da jiran shago, ban ba kowa makulli ba. Uban ya kira yana ƙorafi, wai na hana ɗansa samu, har yau gaisuwarmu ba ta koma daidai ba.

Bayan sallah ƙarama na bi hanyar arewa da kaina, na tsaya a ƙauyen nan. Limamin da ya sallaci yaronmu ya rasu. Ɗansa ya raka ni maƙabartar, muka zaga, ya nuna wani wuri kusa da bishiyar kaɗanya ya ce yana jin nan ne, ko kuma gaba kaɗan. Damuna tara ta shafe tudun. Na yi addu'a a wuraren biyu, na koma mota.