Tafiyar Minti Ɗaya Da Rabi A Jirgin Sama

Zuwa ga Edita,

Ina roƙon ka ba ni ɗan fili a jaridarka mai farin jini, in ba 'yan'uwa masu karatu labarin wani abin mamaki da na gani, gama an ce gani ya kori ji.

Can arewacin ƙasar Sikotlan akwai waɗansu tsibirai a cikin teku, ana ce da su Orkney. Babban garinsu Kirkwall, daga nan kuwa ƙananan jiragen sama ke tashi suna zaga sauran tsibiran. Biyu daga cikinsu, Westray da Papa Westray, suna duban juna, ruwa ya ratsa tsakani. Daga filin jirgin wannan zuwa na wancan mil 1.7 ne kurum, abin da mai ƙafa zai ci cikin rabin sa'a da a ce tudu ne. Duk duniya babu gajeriyar hanya irin wannan da jirgin fasinja ke bi a kan ƙa'ida.

Tun 1967 kamfanin Loganair ke wannan aiki. Jirgin da na shiga mutum 8 yake ɗauka, matuƙi na zaune gabanmu, muna ganin hannunsa. Muka tashi, na leƙa ta taga na ga ruwa, kafin in gyara zama sai ga ƙasa ta taso mana. A takarda an rubuta minti ɗaya da rabi, amma ran da iska ta taimaka wani matuƙi, Stuart Linklater, ya taɓa yinta cikin sakan 53.

Da fari na ce a raina wannan ɓarnar dukiya ce, tun da akwai jirgin ruwa. Da na sauka sai na sake tunani. A ƙidayar 2011 mutum 90 ke Papa Westray. Jama'a kaɗan haka ba za su iya riƙe babban asibiti ko babbar makaranta ba. Da jirgin nan malamai da ma'aikatan lafiya ke zuwa musu, shi kuma ke kai su Kirkwall in bukata ta taso. Don haka hukumar tsibiran ke tallafa masa da kuɗi. In da an bar su da teku da guguwar damuna da hunturu, da samari sun watse an bar tsofaffi, alhali kuwa a tsibirin nan akwai gidan dutse da aka gina fiye da shekara 5,000 da suka wuce.

Abin da na koya shi ne, ba da mil kaɗai ake auna nisa ba, sai an dubi abin da ke tsakani. Hukuma ta gari kuwa ba ta raina mutane don ƙarancinsu.

Haza wasalam.

Ni ne naka,
Wani Malamin Makaranta.