Mun hau ruwan Madarunfa, memwar jika biyu ta ci mu

Da yawanku kun tare ni a bakin famfo da wurin suna kuna tambaya, "Shugaba, ina bidiyon Madarunfa da aka yi mana alkawari?" Na gaji da amsa wa ɗaya bayan ɗaya, shi ya sa na ce bari in rubuta a nan kowa ta ji. Wadda ba ta karatu, ƴarta ta karanta mata.

Mu 12 muka tafi, daga ƙungiyoyi huɗu na nan Matamaye, don mu ga aikin ƴan uwanmu na jihar Maraɗi. Ai can ne tushen wannan abu namu, domin a ƙasar Maraɗi CARE ta fara Mata Masu Dubara a 1991, kafin ya bazu ya iso mu. Kowace ƙungiya ta ciro kuɗin motar mata uku daga akwatinta, da sharaɗi guda: a ɗauko komi a waya, waɗanda suka zuba kuɗi ba su je ba su gani da idonsu.

Ana jibi za mu tashi, ɗan sakatariyarmu da ke lakkol a Damagaram ya zo hutu. Da ya ji akwai tabki a inda za mu, sai ya nuna mana wani bidiyo. Wasu ne a bakin teku a Legas suna hawan babur ɗin ruwa. Kamarsa ɗaya da kabu-kabu, da kujera da kan tuƙi, sai dai ba taya. Ya ce injin yana zuƙo ruwa ta ƙasa ya feso shi ta baya da ƙarfi, shi ke tura shi. Mai tuƙin yana sanye da rigar da ke hana nutsewa, ga wata igiya ɗaure a hannunsa, in ya faɗi ta fizge, injin ya mutu nan take. A goshinsa kuma ya ɗaura wata ƴar kamara wadda ba ta fi kwalin ashana ba sosai, GoPro sunanta, ruwa ba ya yi mata komi. Ma'ajiyarmu ta kalla ta kalla, ta ce, "Ni da ko korama ba na tsallakawa sai an riƙe ni, wannan ai neman ajali ne." Muka yi dariya. Ba wadda ta san me ke jiranta.

Da asuba muka kama hanya. Kance, Takeita, sannan babbar kwalta ta yamma: Tasawa, Gazawa, Agye, Cadawa. Sanyin hunturu ne, gawo duk ya yi ganye, gonaki kuwa sai kara. A tashar Maraɗi sakatariya ta duba wayarta ta ce wuri ya cika, saƙon murya na WhatsApp da hotunan biki sun cinye komi. Nan wani yaro ya zo da allo rataye da caja da abin sa wa kunne da memwar. Ya ciro ɗaya cikin kwali mai ƙyalli, an rubuta 64 giga. Ya ce jika uku, na taya jika ɗaya da rabi, muka daidaita a jika biyu. Daga kuɗin guzurin tafiya na biya, ban tambayi kowa ba, har ina jin daɗi na iya ciniki. Muka sa a waya, waya ta nuna 64. To me ya rage?

Kwana biyu muka yi da ƴan uwanmu a wani ƙauye kusa da Madarunfa. Sakatariya ta ɗauki taronsu tun daga buɗe kwaɗo har rufewa, da yadda suke raba akwatin bashi da na taimako, da rumbun tsimin da suka gina da ribar shekara, da wata dattijiya da ta bayyana mana yadda suke yi da wadda ta kasa biya ba tare da an tozarta ta ba. Wannan bayanin shi na fi so ku ji, domin shi ke raba mu faɗa kullum.

Rana ta uku suka ce ba za mu koma ba mu ga tabki ba. Madarunfa kamar kilomita 25 ne kudu da Maraɗi. Mu mutanen Matamaye mun san ruwa, mun san fadama da rake da rijiyar da ba ta da zurfi. Amma ruwan da za ki tsaya a wannan baki, mutumin da ke wancan baki ya zama kamar ƙuda, wannan ban taɓa gani ba. Da damina gulbi ke cika shi, rani ya yi ta ja da baya, inda ya janye mutane su bi da lambu. Ga balbela fari fat a kan itatuwa, ga zalɓe tsaye da ƙafa ɗaya, ga mata suna suyar karfasa da tarwaɗa a gaɓa. Mutanen garin sun ce waliyyai 99 ke kwance kewaye da tabkin, ana zuwa ziyara daga nesa, har suna ba da labarin hasken da ake gani a kaburburan da dare. Mun tsaya a ɗaya mun yi addu'a. Tun 2019 tabkin ya shiga jerin wuraren ruwa da duniya ta yarda a kiyaye, shi da namu na Gidimuni a nan jihar Damagaram.

Babur ɗin ruwa dai ba mu gan shi ba. Namu kwale-kwale ne na katako, da wani dattijo masunci riƙe da gora. Ya ce mata shida-shida, ba ƙari. Ya dube mu ya ce, "Hajiyoyi, sharaɗina uku. A zauna ƙasa. Kada wadda ta miƙe. In ya karkata, kada ku ruga gefe guda." Na tambaye shi rigar nan ta hana nutsewa, ya ce ba shi da ita. Gaskiya gabana ya faɗi, kuma da za a sake, sai mun nemi inda ake samunta kafin mu shiga, don a cikinmu ba wadda ta iya iyo ko ɗaya. Na roƙe shi ya bi gefe-gefe inda gorarsa ke taɓa ƙasa, ya yarda.

Kamararmu ta goshi kuwa ita ce wayar sakatariya, mun sa ta cikin farar leda mun ɗaure da zare, muka rataya mata a wuya. Da ya tunkuɗa gora, ƙasa ta rabu da mu. Ban san yadda zan faɗa muku ba. Ba girgiza irin ta mota, ba ƙara, sai ɗan "caɓal, caɓal" a jikin katako. Ruwa na shigowa kaɗan-kaɗan ta ƙasa, jikansa na kwashewa da gwangwani kamar ba komi. Muka ratsa cikin bado. Na sa hannu, sanyi ya ratsa ni har kafaɗa. Ma'ajiya ta riƙe zanena tana salati tun daga tashi. Can wani kifi ya yi tsalle dab da ita, ta ƙwala ihu, "Wayyo Baba, mayar da ni, makullin akwati na jikina!" Har dattijon sai da ya ajiye gora ya yi dariya. Da muka sauka kuma ita ce ta fara cewa a ƙara zagaye ɗaya. Masu masaukinmu suka ce a'a, a kama hanya kafin la'asar, kun san halin da ake ciki a bakin iyaka.

Mun dawo lafiya. Ranar taro muka shimfiɗa tabarmi, mata sun cika gida, har da na maƙwabta. Sakatariya ta danna bidiyon farko, na isowarmu ƙauyen, ya yi. Na biyu ya yi. Na uku ya tsaya a tsaka. Daga nan duk wanda ta taɓa sai baƙin allo. Sunayensu na nan jere, amma ba abin da ke buɗewa. Bayanin dattijiya babu, rumbu babu, tabki babu. Na ji kamar ƙasa ta tsage in shige.

Washegari na kai wa mai gyaran waya a kasuwa. Ya sa ta a kwamfuta ya gwada, ya ce, "Hajiya, wannan ko giga 4 ba ta cika ba. An yi mata dabara ne ta riƙa faɗa wa waya ƙarya." Kamar tiya ce da aka huda gindinta: kina zubawa tana karɓa, ba ta taɓa ce miki ta cika, hatsin kuwa yana tafiya ƙasa. Abin da ya wuce ainihin cikinta ya tafi ke nan, ba mai dawo da shi.

Na ce to koya mini, kada a sake. Na rubuta a kaye, ga shi. Sunan kamfani a kan kwali, ko SanDisk ne ko Samsung ko Kingston, ba ya isa shaida, don masu jabu sunan manya suke bugawa. Lambar da waya ta nuna ma ba shaida ba ce, ita ce ta cuce ni. Ki fara tambayar kuɗinta a shago biyu ko uku na zaune, in wani ya ba ki a rabin wannan, ki bar masa abarsa. Ki saya inda za ki iya komawa gobe. Sannan ki dubi jikin memwar ɗin kanta, akwai ƙananan alamu na saurin rubutu: 10 cikin harafin C, ko 1 cikin harafin U, sun isa bidiyon wayarmu. Masu kamara irin ta goshin nan, da ke ɗaukar abu mai gudu da hoto mai nauyi, su ke neman 3 cikin U, ko V30, in ba haka ba ɗauka na iya yankewa. Ya ce a wayoyi da yawa bidiyo mai kyau na minti 8 kan ci kusan giga ɗaya, don haka 32 ta gaskiya za ta kai mu wajen awa huɗu. Wasu tsofaffin wayoyi ma ba sa karɓar abin da ya wuce 32.

Babban gwaji kuwa ba ya son ilimi, haƙuri yake so. Tun kafin ranar buƙata, ki sa a cika ta taf da finafinai ko wa'azi, sannan ki buɗe na farko, na tsakiya da na ƙarshe. In duk sun yi, ki goge ki yi aikinki. Kuma abin da yake da muhimmanci, a daren ranar ki tura wa wata ta Bluetooth ko Xender, ya zama yana waya biyu. Da mun yi wannan kaɗai a daren farko, da mun gane tun muna can, da mun roƙi dattijiya ta maimaita.

A taron da ya biyo na tashi na faɗi laifina, na kashe kuɗin tafiya ban shawarci kowa ba. Wata ta ce, "Shugaba, da ɗayanmu ce da kin ci ta tara." Gaskiyarta. Na mayar da jika biyun daga aljihuna, aka rubuta a kaye. Ƙungiyoyin huɗu suka haɗa aka sayi mai 32 a shago, an gwada ta gaban mutum uku, yanzu tana cikin ambulan a akwati tare da kaye, ba ta fita sai an buɗe kwaɗo. Shugabar ƴan uwanmu na Madarunfa ta yi alkawarin sa dattijiyar ta sake bayanin da saƙon murya, in ya iso za mu saurara a taron farkon wata.

Na tabki kuwa, ashe wata daga ƙungiyar unguwar gabas ta ɗauki ɗan guntu da ƙaramar wayarta, bai kai minti ɗaya ba. Hoton duk ya karkace, rabi sama rabi ruwa, amma ihun ma'ajiya ya fito tas. Ta ce duk wadda ta tura wa mijinta, ita da ita.