Ɗan Kifin Sumatra a Falon Agege

Yau dai ba maganar kasuwa ko ta hanyar gida zan yi ba, magana ce a kan wani ɗan kifi da na ga ya fara shiga falukan mutanenmu a nan Legas, ana zuba shi a akwatin gilashi don kallo. Masu sayarwa suna ce masa taiga bab. Ni ma shekarata ta uku ke nan ina kiwonsa, shi ya sa nake ganin ina da ta cewa.

Tsawonsa bai cika wuce santimita 6 ko 7 ba. Jikinsa ruwan zinariya ne, da baƙin ratsi guda huɗu daga sama zuwa ƙasa, ɗaya ya bi ta kan ido, ɗaya a gindin jela. Yarana suna ce masa damisa, ni kuwa ban yarda ba, don damisa ɗigo-ɗigo gare ta, wannan ratsi ne. Asalinsa kogunan tsibirin Sumatra da Borneo ne. Wani likita ɗan ƙasar Holan, Pieter Bleeker, shi ya fara rubuta bayaninsa a 1855, ya sa masa suna tetrazona, wato mai ɗamara huɗu. A 2013 ne masanin kifi Maurice Kottelat ya ware shi da danginsa na kusa a rukunin Puntigrus.

To ga inda matsalar take. Mutum zai je ya ga kifin da kyau, ya tambayi kuɗi, sai ya ce a ba shi guda biyu, ya haɗa da wani mai dogon fiffike. Kwana kaɗan sai ka ji ana cewa kifin nan mugu ne, ya yagalgala wa ɗan uwansa jela. Jama'a, kifin garke ne. A cikin garke akwai babba da ƙarami, kullum suna 'yar kore-kore a tsakaninsu, faɗan ya rarrabu, babu wanda ya ji jiki. In suka zama biyu ko uku, sai mai ƙarfi ya sa rarrauna a gaba har ya daina cin abinci, ko su koma kan baƙon da ke cikin akwatin. Wanda ya taɓa zama shi kaɗai a garin da babu Sabo, ya san yadda kaɗaici ke sauya hali. Saboda haka a sayi shida zuwa sama, takwas sun fi, in kuwa aljihu bai kai ba a haƙura. Kuma garke yana son fili, 'yar kwalbar nan mai kamar tukunya ba ta isa ba.

Zafin Legas ya yi masa daidai, don yana son ruwa mai ɗumin digiri 23 zuwa 27. Wanda zai kai shi Jos, ko Kano lokacin hunturu, sai ya tanadi abin ɗumama ruwa. Mu a nan ciwon kanmu wuta ce. In aka ɗauke ta injin iska ya tsaya, sai ka ga sun taso sama suna haki. Ni dai na ajiye ƙaramin inji mai batir, kuma duk mako nakan canza kashi ɗaya cikin huɗu na ruwan, da ruwan da ya kwana a bokiti.

Namiji ya fi jan baki da jan fiffike, mace ta fi tumbi. Suna watsa ƙwai ɗari-ɗari a cikin ciyayi, sannan su juyo su cinye abinsu, sai an yi maza an kwashe iyayen.

Roƙona ga wanda ya gaji da kiwon, ko zai koma gida: don Allah kar a juye su a kwata ko a rafi. Kifin ya riga ya zauna a ruwan Singafo da Kolombiya, inda da babu shi. A ba maƙwabci, ko a mayar wa mai shago.