Mako guda da manhajar adashi

Litinin

Malamin da ke koya mana tsara manhaja ya raba mu rukuni-rukuni, ya kafa sharaɗi: ba wanda zai taɓa kwamfuta sai ya je ya zauna da mutanen da za su yi amfani da abin da zai ƙera. Mu muka zaɓi adashi. Wasu 'yan aji suka fara gunaguni, wai su Java da Python suka zo koya, ba zaga gari ba. Malam bai ja da su ba. Labarin Therac-25 ya ba mu, na'urar da aka riƙa haska masu ciwon daji da ita a Amurka da Kanada. Tsakanin 1985 da 1987 ta zuba wa mutum shida hasken da ya wuce kima, wasunsu suka rasu. Akwai kuskure a cikin manhajar, amma wani ɓangare na masifar a kan allo yake: in matsala ta taso, lamba kawai yake nunawa ba bayani, har ma'aikata suka saba da dannawa su wuce.

Talata

Mun je wajen wata Hajiya, uwar adashi, a bayan Kasuwar Rimi. Ta sa aka shimfiɗa mana tabarma, ta ɗauko littafinta. Kowace mace da shafinta. Wasu sunayen da ajami ta rubuta, wasu kuwa alama ce kawai da ita ta san mai ita. Wadda ta yi zubi, sai ta ja mata layi da shuɗin biro a gaban idonta. Wadda ta yi fashi, da ja. Abin da ya fi ɗaukar hankalina shi ne jerin masu kwasa. Ba a kafe yake ba. In wata ta haihu ko bikin 'yarta ya matso, Hajiya kan nemi yardar wadda kwasa ta zo kanta a yi musaya.

Ta saurare mu har muka gama, sannan ta ce, "To 'ya'yana, in wayar ta faɗa ruwa, kuɗin mutane fa?" Na ce, "Hajiya, za mu san yadda za mu yi." Wannan tambayar ce a saman takardar buƙatunmu yanzu. Amana Hajiya take riƙe da ita, kuma duk manhajar da za ta rage mata ita ba ta da amfani a gidan nan, kome kyanta.

Laraba

Yau gardama muka sha. Mun zana allunan a kan kwali, ba mu rubuta komai a kwamfuta ba. Wani abokin aikinmu ya nace sai an sa shiga da imel da kalmar sirri. Na ƙi. Hajiya ba ta da imel, matan da ke zubi kuma yawancinsu ƙaramar waya ce a hannunsu. Na kawo misalin M-Pesa, da Safaricom ta fara a Kenya a 2007: da saƙon tes da ƙaramar waya ta shiga ƙauyuka. Wata a cikinmu ta tuna mana hujjar Don Norman a littafinsa na 1988, cewa ƙofar da mutum zai tsaya yana wasi-wasin turawa ko ja, laifin maƙerinta ne. Muka tsaya a kan lambobin sirri huɗu, da saƙon tes ga duk wadda ta yi zubi.

Alhamis

Babu wuta tun safe. Kafin batir ya mutu mun tsara rumbun bayanai da SQLite, don manhajar ta yi aiki ko babu intanet, ta tura kwafi in an samu. Jerin masu kwasa mun ware shi daban da sunaye, saboda musaya.

Asabar

Ranar gwaji. Jakob Nielsen ya rubuta a 2000 cewa mutum biyar sun isa su tono yawancin matsalolin allo, sai muka roƙi Hajiya ta tara mana mata biyar. Ƙa'idar ita ce mu miƙa waya mu yi shiru, kuma shirun ya fi komai wuya. Wata dattijuwa ta ɗora babban yatsanta, ya rufe maɓalli biyu lokaci guda. Ta danna, allon bai ce mata komai ba, ta ɗago ta dube mu: "Ya karɓa?" Ta sake dannawa, zubin ya shiga sau biyu. A littafin Hajiya wannan ba zai faru ba, domin mai zubi tana ganin layin da aka ja mata. Alamar adanawa kuwa, hoton faifan kwamfuta na da, ba wadda ta gane.

Da dare muka faɗaɗa maɓallan, muka sa layi ya bayyana a gaban suna da murya mai cewa an karɓa, muka ƙara hanyar janye kuskure.

Lahadi

Ina ganin wannan darasi na zama da masu amfani da manhaja tun aji biyu ya kamata a fara shi, ba a bari sai ɗalibi ya kusa fita ba. Hajiya ta yarda ta gwada wayar tare da littafinta har wannan zagayen adashin ya ƙare. Mun yi da ita cewa in lissafin ya saɓa, na littafi za a bi.