Farin Kwaɗo a Jikin Zana

A wani gidan Hausawa da ke unguwar Amriguébé, cikin birnin N'Djamena, wani ɗalibi ya ci karo da wata 'yar halitta a manne a jikin zana, kusa da randuna. Watan Afrilu ne, lokacin da zafin Chadi kan haura digiri 40, kududdufan unguwar kuwa sun daɗe da ƙafewa. Da farko ya ɗauka kashin tsuntsu ne, sai da ya sunkuya ya ga idanu.

Yaron ya tashi da harsuna uku: Faransanci a makaranta, Larabcin Chadi a titi da kasuwa, Hausa a ɗakin kakarsa. Faransanci ya ba shi suna nan take, rainette, wato ɗan kwaɗon da ke hawa tsiro. Hausarsa kuwa ta tsaya a kan kalma ɗaya, kwaɗo, wadda ta haɗa mai ƙurajen baya na bakin kwata da na cikin ruwa, har da na kulle ƙofa. (Kwaɗon zogale daban ne, karin sautinsa ma ba ɗaya ba ne.) Sai ya yanke cewa Hausa ba ta da abin faɗa game da wannan halitta. Da irin wannan hukunci ne yaro kan fara ajiye harshen gidansu ba tare da ya ankara ba.

Ya leƙa ɗaki ya ce, "Kaka, na ga wani farin kwaɗo."

Tsohuwar, wadda ganinta ya yi rauni, ta ce, "Maigida, ai ba ka gaya mini komai ba. Fari fat ne, ko fari-fari? Koma ka dubo mini, tunda kai ne mai idanu."

Tambayar ta fi ƙarfin wasan kaka da jika. Fat amsa-kama ce da ke kai launi matuƙa, ninki kuwa rage shi yake yi. Wanda ya ce fari-fari ya ga abin da ya doshi fari bai kai ba. Ya koma ya duba: fari fat ne, kamar an shafa masa alli.

Daga nan ta dinga aikensa. Girmansa? Ɗan mitsitsi ne, bai wuce gaɓar yatsa ɗaya ba, ƙasa da santimita 3 daga hanci zuwa ƙarshen baya. Fatarsa? Sumul, babu kaushi, babu kumburin nan biyu da kwaɗon tsakar gida ke da su a bayan idanu. Zamansa? A nan ya yi ta lalube tsakanin maƙale da manne da lafe, kafin ya tsaya a kan cewa ya lafe a jikin kara, ya takure ƙafafunsa ƙarƙashin ciki har ba a ganin yatsa ko ɗaya.

Ido ne ya fi ɗaukar lokaci, kuma ya cancanta. Tsagar da ke tsakiyar ƙwayar idonsa a kwance take irin ta akuya, ba a tsaye irin ta kyanwa ba. Ita ce alamar da masana ke fara dubawa in sun kama ɗan kwaɗo mai hawa a ƙasashenmu. Dangin da ake kira Hyperolius tsagarsu a kwance take, su kuwa Leptopelis da Afrixalus tasu a tsaye. Da rana ake ganin bambancin, domin da dare tsagar kan buɗe. Sauran shaidar ta fito da almuru, sa'ad da ruwa ya fantsama daga moɗa ya taɓa shi, ya miƙe ƙafa: yatsu huɗu a gaba, biyar a baya, kowanne da ɗan faifai a bakinsa wanda yake mannewa da shi, fata ta haɗa yatsun baya kamar na agwagwa. Cikin cinyarsa kuwa ja wur.

Abin da yaron ya fara kawowa, wato launi, shi ne mafi raunin shaida. 'Ya'yan wasu kwaɗin wannan dangi ba sa shiga rami da rani. Busasshen tsiro suke hawa su zauna cikin rana, fatar bayansu ta tara wasu ƙananan ƙwayoyi masu mayar da haske, sai su yi fari in zafi ya tsananta. Takurewar ma dabara ce ta hana ruwan jiki tsiyayewa. Masana daga Jami'ar Würzburg ta Jamus, ƙarƙashin K. Eduard Linsenmair, sun shafe shekaru suna nazarin wannan hali a gandun dajin Comoé na ƙasar Kwaddibuwa, a kan nau'in Hyperolius nitidulus. In damina ta kankama, wanda ya tsira zai sake riga, ya koma ruwan ƙasa ko rawaya-rawaya, wani da ɗigo-ɗigo, namiji ya hura jakar maƙogwaronsa yana wani ɗan gajeren kuka kamar ana ƙwanƙwasa ƙaramin ƙarfe. Saboda yawan sauyin launin nan, har masanan kansu sun daɗe suna saɓani a kan rabe nau'o'in wannan dangi.

Da daren ya zauna ya rubuta abin da ya gani, layi tara, babu kalmar Faransanci ko ɗaya. Ya karanta wa tsohuwar. Ta saurara har ƙarshe, ta gyara masa wuri guda: ya rubuta cewa kwaɗon yana zaune a kan zana, ta ce abin da ke tsaye ba a zama a kansa, a jikinsa ake mannewa. Sannan ta ce ya ja wa ƙannensa kunne, kada wanda ya taɓa shi da tsinke kafin ruwan farko ya sauka.